Yadda ake gane bayanin kayan aikin ɗan aike na AI ya yi kyau ko bai yi ba

Tambayar ta zo mini daga wani ƙanenmu da ke aiki a ofishin kawunsa a unguwar Misfala da ke Makka, inda suke yi wa masu Umara daga Najeriya da Nijar hidimar masauki da mota. Ga abin da ya rubuto a taƙaice: "Yaya, na haɗa ɗan aike na AI a WhatsApp yana amsa wa alhazanmu. Na ba shi kayan aiki goma sha huɗu, akwai na neman ɗaki, na kama ɗaki, na sokewa, na duba motar Madina da sauransu. Kowanne na rubuta masa bayani, kuma in na karanta sai in ga ba abin da na rage. Amma wani lokaci yakan ɗauki wanda bai kamata ba, ko ya cika kwanan wata ba daidai ba. Akwai ma'aunin da ake gane bayani ya yi kyau, ko kuwa sai dai mutum ya yi ta gyara har Allah ya sa a dace?"

Ƙanena, akwai ma'auni, kuma na ji daɗi da ka yi wannan tambaya tun kafin azumi ya kawo cunkoso. Amma ka cire idonka daga cikin ma'aunan. Kai ka rubuta bayanin, kai ka gina abin da ke bayansa, saboda haka duk gurbin da ka bari, zuciyarka ce take cike maka shi kana karantawa ba tare da ka lura ba. Abin da zai gaya maka gaskiya shi ne abin da ɗan aiken ya aikata bayan ya karanta.

Ka fara sanin abin da injin AI ɗin da ke bayan ɗan aiken yake gani. Tun daga tsarin kiran ayyuka, wato yadda inji ke kiran kayan aiki, da OpenAI ta fitar a watan Yunin 2023 har zuwa MCP, ƙa'idar haɗa injin AI da kayan aiki, da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024 (su biyun kamfanonin AI ne), abin da ake miƙa masa game da kowane kayan aiki kusan abu uku ne: suna, bayani a rubuce, da jerin guraben da zai cika, waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato tsarin rubutun da ke faɗin irin abin da kowane gurbi yake karɓa. Ba ya ganin manhajar da ka rubuta a baya. Ba ya ganin rumbun bayananku. Ka ɗauke shi kamar yaro mai kaifin basira wanda ya sauka filin jirgin Jidda daren jiya, yana jin harsuna da yawa, amma bai san ofishinku ba, bai san kawunka ba, kuma kowace hira sabuwa yake fara ta kamar bai taɓa yin aikin ba. Guntuwar takardar da ka damƙa masa ita ce iyakar saninsa a kan aiken. In takardar ta yi shiru a kan wani abu, ba kasafai zai tsaya ya tambaya ba. Zai yi hasashe ya wuce, kuma zai yi shi da cikakkiyar natsuwa.

Maganar kwanan wata da ka ambata, na gan ta da idona a wani aiki irin naka da aka kira ni in duba a nan Jidda. Wata hajiya ta rubuto cewa su huɗu ne, har da tsohuwa mai keke, suna son masauki kusa da Harami daga goma ga azumi zuwa bayan salla da kwana biyu. A bayanin kayan aikin, gurbin ranar shiga an rubuta masa "kwanan watan shiga" kawai. Ɗan aiken ya san Ramadan shi ne wata na tara, sai ya cika 10/09. Manhajar da ke baya ta karɓa a matsayin 10 ga Satumba, ta dawo da ɗakuna masu arha ƙwarai, shi kuma ya tura wa hajiya farashin cikin murna. Ba wani saƙon kuskure da ya fito. Sai da ma'aikacin ofis ya ga farashin ya ce wannan ba kuɗin ɗakin azumi ba ne a Makka, sannan aka gano. Irin wannan kuskuren na fi tsoro, domin kowane ɓangare ya yi aikinsa lafiya, amma da an bari, da tsohuwa ta iso ba ta da wurin kwana.

Ga irin bayanin da na tarar a can, kuma ina zaton naka bai yi nisa da shi ba: "Yana neman ɗakuna a Makka da Madina." Ga kuma yadda muka mayar da shi, na kawo maka shi da Hausa don ka ga abin da ke ciki: "Yana nemo ɗakunan da babu kowa a otal-otal ɗin da ofishinmu ke hulɗa da su a Makka da Madina kaɗai. Nema kawai yake yi, ba ya kama ɗaki. In baƙo ya zaɓa, a kira kama_daki da lambar da wannan ya dawo da ita. Kada a kira shi don duba ɗakin da aka riga aka kama, wannan aikin duba_hajzi ne. Ranaku na Miladiyya ne, shekara, wata, rana, kamar 2026-03-01. In baƙo ya faɗi ranar Hijira, a fara juya ta da juya_kwanan_wata. Farashi da riyal ne, na dare ɗaya, na ɗaki gaba ɗaya. Nisa da mita ne, tafiyar ƙafa zuwa farfajiyar Harami. In ba a san yawan mutane ba, a tambayi baƙo, kada a ƙiyasta."

Ka lura da yawan abin da ke cikinsa wanda yake faɗin inda aikin ya tsaya, da lokacin da ba a kiran sa. Mu masu rubuta manhaja mun saba faɗin abin da abu yake yi, mu manta da faɗin abin da ba ya yi, alhali a nan ne ɗan aike yake ɓata. Jagoran Anthropic na masu gina irin wannan abu ya ba da shawarar kada bayanin kayan aiki ya gaza jimla uku ko huɗu, kuma a ƙara in aikin mai sarƙaƙiya ne. Na yarda da wannan, sai dai tsawo kaɗai ba ya gyara komai. Na ga bayani mai sahu goma sha biyar wanda duk yabon kayan aikin ne, bai faɗi ko kuɗin riyal ne ko halala ba. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa daga cikin tsare-tsaren biyan kuɗi suna karɓar adadi ne da mafi ƙanƙantar kuɗi. Riyal ɗaya halala 100 ce, don haka 350 tana iya zama kuɗin ɗaki, tana kuma iya zama riyal uku da rabi.

Akwai abin da ya shafi aikinku musamman wanda babu jagoran da aka rubuta a Amurka da zai tuna maka da shi. Wace kalandar Hijira kayan aikinka yake bi? A nan Saudiyya kalandar Ummul Ƙura ake bi, amma alhajin da ke rubutowa daga Sakkwato yana iya ƙirga azuminsa da ganin watan can, kuma akan sami bambancin kwana ɗaya. Sannan a wurinmu dare yana gaba da yini. Wanda ya ce yana son ɗaki a daren 27 ga Ramadan yana nufin ya shiga ranar 26. In bayaninka bai faɗi wannan ba, wata rana za ka kama wa mutum ɗaki a washegarin daren da ya tara kuɗi shekara da shekaru dominsa. Haka lokaci: muna gaba da Najeriya da Nijar da awa biyu, saboda haka "ƙarfe takwas" a gurbin motar filin jirgi dole a faɗi na wace ƙasa ce.

Gwaji na farko mai sauƙi ne, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. Ka buga bayanan goma sha huɗun a takarda, ka ba wani wanda ya iya karatu amma bai san tsarinku ba, kamar ɗalibin da ya zo hutu daga Jami'ar Musulunci ta Madina. Ka karanta masa saƙonnin alhazai goma, ya gaya maka wane kayan aiki zai ɗauka da abin da zai cika a kowane gurbi. Kai kuma ka kame bakinka. Duk inda ya ɗago kai ya ce "wannan me ake nufi?", ka sa alama, domin a nan ne injin zai yi hasashe. Duk inda ya yi jinkiri tsakanin biyu, ka sa alama biyu.

Amma wannan share fage ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin gaske shi ne ka haɗa wa ɗan aiken jarrabawa. Ka shiga tsofaffin saƙonnin ofishinku ka tsamo arba'in zuwa sittin, ka goge sunaye da lambobin waya da na fasfo, ka bar su yadda aka rubuto su. Kada ka gyara musu Hausa. Alhazai ba sa sa lanƙwasa, "daki" suke rubutawa, suna cakuɗa kalmomin Larabci irin su hajzi (kama ɗaki) da tasrihi (izini) da funduƙi (otal), wani ya rubuto rabin magana ya ƙarasa a saƙo na uku. In ka zauna ka ƙirƙiro tambayoyi da kanka, za su fito da kalmomin da ka sa a bayanin, ɗan aiken ya cinye su duka, kai kuma ka ɗauka an gama. A gaban kowane saƙo ka rubuta abin da ya kamata ya faru: wane kayan aiki, da waɗanne bayanai, kuma me ya kamata a tarar a rumbun bayanai bayan an gama.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi muhimmanci. Jarrabawar τ-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 a kan haka aka gina ta: ba a duba daɗin bakin ɗan aike, ana kwatanta halin da rumbun bayanai yake ciki a ƙarshen hira da halin da ya kamata ya kasance. Kai ma haka za ka yi, a kan kwafin rumbunku na gwaji. An kama ɗakin? Na kwana nawa? Na mutum nawa? Ɗan aike yana iya cewa "an kammala, Hajiya" alhali babu abin da aka rubuta.

Ka tabbata kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jarrabawar tambayoyi ne da amsarsu ita ce kada a taɓa kowane kayan aiki, ko a tsaya a yi tambaya. Wani zai tambayi hukuncin wanda ya wuce miƙati bai yi harama ba. Wani zai nemi izinin shiga Rauda, wanda ta manhajar Nusuk ake samunsa, ba ta ofishinku ba. Wani zai ce a kama masa ɗaki a Ɗa'if alhali ba ku da otal a can. Jadawalin gwajin kiran ayyuka na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya ware sashe musamman don auna ko inji ya san lokacin da babu kayan aikin da ya dace. Bayani mai faɗin baki, irin wanda yake cewa "yana taimaka wa alhazai da duk abin da ya shafi tafiyarsu", a nan asirinsa yake tonuwa, domin ɗan aiken zai riƙa kiran sa a kan komai.

Sannan kada ka gudanar da jarrabawar sau ɗaya. Injin nan ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Masu τ-bench sun kawo ma'aunin da ke tambayar ko ɗan aike zai ci tambaya ɗaya sau da yawa a jere ba tare da ya faɗi ko sau ɗaya ba. A rahotonsu, injin GPT-4o na OpenAI bai kai rabin ayyukan ba a gwaji ɗaya, kuma da aka nemi ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere a ɓangaren ciniki, sai ya sauko ƙasa da kashi 25 cikin ɗari. Ka yi lissafin da kanka: abin da yake dacewa sau tara cikin goma, in kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya dace sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kawai. Ofishin da ke karɓar saƙo ɗari a yini a goman ƙarshe, wannan lissafin ne ya shafe shi. Ni nakan maimaita kowace tambaya sau biyar. Wadda aka ci uku aka faɗi biyu ita nake fara bi, domin kusan kullum tana nuna jimlar da za a iya fahimta ta hanya biyu.

Bayan an fito da maki, aikin da mutane suke gudu shi ne karanta hirarrakin da aka faɗi, daga farko har ƙarshe, da abin da ɗan aiken ya tura da abin da aka dawo masa da shi. Ina roƙonka kada ka tsallake wannan. Maki zai ce maka an faɗi, hirar ce za ta ce maka me ya sa. Kuma a nan za ka gane cewa ba kowane laifi ne na bayani ba. Anthropic ta ba da labari a wani rubutunta na Disamban 2024 cewa lokacin da suke gina ɗan aiken gyaran manhaja, sun ɓata lokaci a kan kayan aikin fiye da umarnin gaba ɗaya. Sun ga injin yana kuskuren adireshin fayil in ya bar babban kundin da ya fara, sai suka sauya kayan aikin kansa ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya ɓace. Darasin da na ɗauka shi ne, in ka ga kana rubuta gargaɗi a karo na uku a kan abu ɗaya, ka daina rubutu ka sauya gurbin. Gari kada ya zama wurin rubuta abin da aka ga dama, ya zama zaɓi tsakanin Makka da Madina. Gurbin da ka kira "lamba" ka mayar da shi lambar_hajzi ko lambar_waya. Ranar Hijira ma, in da hali, ka bar kayan aikin ya karɓe ta kai tsaye da gurbin da ke faɗin irin kalandar, manhajarka ta yi juyin.

Goma sha huɗu ba su yi yawa ba. OpenAI tana ba da shawarar a tsaya ƙasa da ashirin a lokaci ɗaya. Abin dubawa shi ne ko akwai biyu da suke cin gonar juna. Ka yi tebur, a gefe wanda ya kamata a kira, a sama wanda aka kira. In ka ga duba_hajzi da nemo_hajzi suna musanya wuri, to ko ka haɗe su, ko kowanne ya ambaci ɗan'uwansa da suna ya faɗi bambancinsu. Shi ya sa ba a auna bayani shi kaɗai. Bayanin da ya yi aiki jiya yana iya lalacewa yau don kawai ka ƙara sabon kayan aiki mai kama da shi.

Abin da kayan aiki yake dawowa da shi, da saƙon kuskurensa, su ma bayani ne, kuma ana mantawa da su. In aka dawo wa ɗan aike da "kuskure 400" kawai, zai sake tura abin da ya tura, ko ya ƙirƙiro wa alhaji wani dalili. In aka dawo masa da "ranar fita ta riga ranar shiga, a rubuta kamar 2026-03-01", zai gyara nan take. Ka sa wasu tambayoyi a jarrabawar da ka san za su jawo kuskure, ka ga ko yana farfaɗowa.

Game da harshen da za ka rubuta bayanin, injinan da muke da su yanzu sun fi ƙarfi a Turanci, sannan Larabci, kuma Hausa takan ci kaso fiye da Turanci a ma'aunin da ake cajin kuɗi da shi. Ni nakan rubuta bayanin da Turanci, amma in zuba masa kalmomin da mutanenmu ke faɗa. In gaya masa cewa "keke" a bakin mai Umara kujerar tura marar lafiya ce, cewa "bayan salla" a wannan mahallin yawanci Idi ake nufi, cewa "masauki" da "funduƙi" abu ɗaya ne. Tunda kana da jarrabawa, ba sai ka ɗauki maganata ba: ka rubuta shi da harsuna biyu ka gwada. Abu ɗaya kawai za ka riƙa sauyawa a kowane zagaye, kuma ka ware kashi ɗaya cikin uku na tambayoyin ka ɓoye, kada ka duba su lokacin gyara, sai a ƙarshe. In maki ya hau a waɗanda kake gani bai hau a ɓoyayyun ba, haddar jarrabawa ka koya masa. Ranar da ka sauya inji ko aka sabunta shi, a sake gudanar da komai.

Za ka ji ana cewa a ba wani injin AI bayanan ya ba su maki. Yana da amfani wajen kama abin da ya fito fili, kamar gurbin da ba a yi masa bayani ba, kuma yana da kyau wajen karanta hirarraki masu yawa ya nuna maka inda kuskure ke maimaituwa. Amma bai san cewa farashinku na ɗaki ne ba na mutum ba, don haka zai iya ba bayanin da ya faɗi akasin haka cikakken maki saboda tsarinsa ya yi kyau. Daidaiton bayani da abin da manhaja take yi a zahiri, kai ne kaɗai za ka tabbatar da shi, sahu bayan sahu.

Saura maganar amana, kuma ita ce ta fi damuna tunda fasfon mutane da kuɗinsu ne a hannunku. Injin yana ɗaukar bayanin kayan aiki kamar umarni. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aikin MCP, wanda mai amfani ba ya gani amma injin yana karantawa ya bi, har ya kwaso bayanan sirri ya tura. Saboda haka duk kayan aikin da ka ɗauko daga wani wuri, ka karanta cikakken bayaninsa kamar yadda injin zai gan shi, ka ajiye kwafi, ka sa abin da zai sanar da kai in ya sauya. MCP tana da alamomin da ke cewa wannan karantawa kawai yake yi, wancan yana iya gogewa, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su sai daga tushen da aka amince da shi. Naka na sokewa kuma, ka rubuta a bayaninsa cewa ba a kiran sa sai baƙo ya tabbatar, amma kada ka tsaya nan. Ka sa manhajar ta ƙi sokewa sai an kawo lambar tabbaci da aka tura wa wayar mai hajzin, ko ma'aikacin ofis ya danna amincewa.

A makon nan ka fara da uku kawai: na nema, na kamawa da na sokewa. Ka tsamo saƙonni arba'in, ka saka na daren 27 da na tsohuwa mai keke a ciki, ka gudanar sau biyar-biyar. Waɗanda aka faɗi ka turo mini su bayan ka goge sunaye da lambobi, tare da bayanan ukun yadda suke yanzu. In na shigo Makka ranar Juma'a in sha Allahu zan biyo ta ofis bayan la'asar mu karanta su tare. Ka gaishe mini da Kawu.